Waya za ta ƙwace mana aikin saikoloji ne?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗalibar saikoloji ce, wato ilimin halayyar ɗan Adam, aji uku. A ajinmu an rabu biyu kan duba masu ciwon damuwa ta waya da manhaja, wasu sun ce nan duniya ta dosa, wasu sun ce shirme ne kuma zai raba mu da aiki. Ni kam na rasa ina zan tsaya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Masu ɗari-ɗarin nan na ajinku suna da hujja, domin shirun mara lafiya, yadda yake murza yatsu, hawayen da yake maƙalewa, duk ta nan muke karantar mutum, kuma waya tana ɓoye da yawa daga ciki.

Amma ki duba inda aka gwada. A Suwidin da Ingila an daɗe ana yin CBT ta intanet, wato gyaran tunani da ɗabi'a, kuma bincike ya nuna ga damuwar da ba ta yi tsanani ba yana aiki kusan kamar zaman ido da ido, in dai akwai mutum da ke bibiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta gwada shirinta na Step-by-Step a Labanon, darasi 5 a waya, sannan mataimaki ya tuntuɓi mutum kamar minti 15 duk sati. Manhajar da babu kowa a bayanta kuwa, yawanci mutane saukewa suke su watsar cikin 'yan kwanaki. To ina ƙwace aikin yake?

Ni abin da ya fi damuna ma ƙarancinmu ne. Matar da ke ƙauye wadda ba ta da kuɗin motar zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kware, ga tsoron kar a ganta a bakin asibitin a ce ta haukace, wallahi kiran waya ɗaya zai iya zama karon farko da wani ya saurare ta.

Sai dai a kula da sirri sosai, a gidajenmu waya ɗaya mutum uku ke taɓawa, saƙon WhatsApp kan iya faɗawa hannun miji ko kishiya, ga kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 da ta hau kanmu. Wanda ke maganar kashe kansa ko yake jin muryoyi, wannan asibiti za a kai shi kai tsaye.

Ku nemi malamanku su sa muku atisayen zama ta bidiyo, ku riƙa gwadawa da juna. Kafin ki fara kowane zama ki tambayi mutum ina yake, shi kaɗai ne a ɗakin, kuma wa za a kira in layi ya yanke yana cikin wani hali.