Zauren Anti: "Tsohon mijina zai ɗauke min ɗa ya kai Funtuwa"

Assalamu alaikum Anti. Ni mazauniyar Idi-Araba ce a Legas. Bara muka rabu da mijina, ɗan kasuwar albasa a Mile 12. 'Ya'yanmu biyu, namiji mai shekara 7 da mace mai shekara 4, duk suna hannuna. Da farko yana turo kuɗin abinci, daga baya ya daina, ni kuma na hana shi ganinsu. Yanzu ya aiko cewa bayan Sallah zai ɗauki babban ya kai wa mahaifiyarsa a Funtuwa, a sa shi makarantar allo. Ba na son kotu, mahaifiyata da ke Agege ma ta ce kada in kai uban 'ya'yana gaban alƙali. Ga shi kuma akwai mai nemana da aure. Ina mafita?
Uwar biyu, Idi-Araba

Wa alaikumus salam 'yata. Zan fara da abin da ba za ki so ji ba. Hana shi ganin yaran da kika yi, shi ya jawo wannan saƙon na Funtuwa. Ya yi laifi da ya daina ciyarwa, laifi babba ma, amma ciyarwa daban, ganin uba daban, kuma duka biyun haƙƙin yaran ne. Namijin da aka rufe wa ƙofa ba ya tunanin makarantar da ta fi dacewa da ɗansa, tunaninsa yadda zai nuna miki cewa shi ma yana da iko. Aya ta 233 a Suratul Baƙara da ta ɗora wa uba ci da tufatarwa, ita ce kuma ta ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kada a cutar da uba saboda ɗansa. Ki buɗe ƙofar nan tun kafin a zauna. Ko Juma'a mai zuwa ce, ƙaninki ya kai su su gaishe shi.

To, maganar riƙo. A mazhabar Malikiyya da muke bi, uwa ce ke da haƙƙin riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Zancen da ake yi a zaure cewa da yaro ya kai bakwai sai ya koma gidan uba, al'ada ce da ra'ayin wasu mazhabobin, ba hukuncin Malikiyya ba ne. Akwai dai wata gaɓa da danginsa za su iya kawowa, gara ki san ta tun yanzu. Malamai sun ce idan uba zai yi ƙaura ta dindindin zuwa gari mai nisan buridi shida, abin da ya haura kilomita 100, yana iya tafiya da ɗansa in hanya da garin suna da aminci. Funtuwa ta ninka wannan nisan sau da yawa. Amma sharaɗin shi ne uban da kansa ya tashi ya koma can da zama. Wanda shagonsa ke Mile 12, yake kwana a Ketu, ya aika yaro wajen tsohuwarsa, bai yi ƙaura ba. Ya raba yaro da uwa da uba ne a lokaci guda.

Auren da kike shirin yi kuwa yana taɓa haƙƙinki, kada wani ya ɓoye miki. Annabi (SAW) ya ce wa matar da ta kawo irin ƙararki ita ta fi cancanta da yaron matuƙar ba ta yi aure ba. In kin tare a gidan wani, riƙo yana komawa ga mahaifiyarki kafin a zo kan kakarsu ta wajen uba. Tunda Hajiya tana Agege, a sa wannan cikin maganar tun yau, kada a bari sai ranar ɗaurin aure rigima ta dawo sabuwa. Mai neman naki kuma, don Allah kada ya leƙo zaman nan, kada ya kira tsohon mijinki a waya. Na ga sulhun da ya kusa ƙulluwa ya watse saboda saurayi ya rako mace har bakin ƙofa.

Wa zai zauna? Waliyyinki, da babba ɗaya daga danginsa wanda yake jin nauyinsa, da malamin da ya karanci babin riƙo, ba mai wa'azi kawai ba. Fadar Sarkin Hausawa, ta Idi-Araba ko ta Agege, ta saba da irin wannan, kuma ɗan kasuwa yana jin kunyar a kira shi fada. Sai dai ki lura, zaman fada na maza ne, mace kan fito da "ki yi haƙuri" kawai a hannunta. Ki tafi da wanda zai yi magana da yawunki. In kin ga an karkata, gwamnatin Legas tana da Citizens' Mediation Centre a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a tun 1999. Ba kotu ba ce, ba a biyan ko kobo, ba sai da lauya ba. Za su aika masa takardar gayyata, mai sasanci ya zaunar da ku, abin da kuka amince a rubuta ku sa hannu. Akwai kuma Lagos Multi-Door Courthouse da aka buɗe a 2002, inda alƙali ke sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu ta zama kamar hukunci. Ki faɗa wa Hajiya babu wanda za a tsayar a akwatin tuhuma a waɗannan wuraren.

Ko a ina aka zauna, a rubuta. Yawancin sulhun da nake gani yana rushewa ne a kan kalmar "zai riƙa". Zai riƙa turo abin da ya samu, zai riƙa zuwa ganinsu. Nawa? Yaushe? A faɗi adadin kuɗin da ranar wata, a turo ta banki ko ta OPay don shaida ta zauna a waya, ba a ba ɗan acaɓa ya kawo ba. Kasuwar albasa tana hawa tana sauka, saboda haka gara ƙaramin adadi da zai iya cikawa ko a lokacin da kaya suka yi tsada, sannan kuɗin makaranta ya biya kai tsaye a farkon kowane zango, na asibiti kuma a faɗi wanda za a kira da dare. Ranar ziyara ma a yi la'akari da Legas. Wanda zai taso daga Mile 12 ya bi Ikorodu Road da yammacin ranar aiki ba zai iso Idi-Araba yara suna ido biyu ba. Lahadi ta fi. A ajiye wurin miƙa yara, gidan Hajiya ko na wani dattijo, don kada ku riƙa haɗuwa kuna tayar da tsohon miki. A raba Sallah: ƙaramar Sallah a wajenki, babbar Sallah a wajensa.

Shi ma a ba shi abin da zai riƙe, domin ba a sulhu mutum ya tashi hannu rabbana. In da gaske karatun Alƙur'ani yake so, Idi-Araba ba ta rasa allo da Islamiyya ba. Ya zaɓi malamin da kansa, ya biya, a riƙa kai masa yaron yana jin haddarsa. Tsohuwarsa kuma tana da gaskiyarta, jika take son gani. Dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba ya isa yaro ya je Funtuwa ya san danginsa. Amma a rubuta ranar dawowa da wanda zai rako shi, kuma ban ba ki shawarar ki sake shi a hutun farko ba sai an ga uban ya cika alkawarin wata biyar ko shida.

Akwai inda zan saɓa wa Hajiya. In ya zo ya ɗauke yaron da ƙarfi, ko ya tare shi a hanyar makaranta, ko akwai duka a tarihinku da ba ki faɗa min ba, maganar ta wuce zaure. Dokar Haƙƙin Yara ta Jihar Legas ta 2007 ta kafa kotun iyali, abin da take dubawa kuma shi ne maslahar yaro, kuma ofishin Public Defender yana ba marasa hali lauya kyauta. Kafin nan, gobe ki je makarantarsu ki ba shugabar sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki yaran, ki adana takardun haihuwarsu da katin rigakafi a gidan Hajiya.