Tambaya da Amsa: Gane Tsofaffin Motocin Amurka Masu Ƙwanji

Tambaya: Ni bakanike ne a Kaduna, hannuna ya saba da Peugeot da Toyota, amma ina yawan ganin hotuna da bidiyon tsofaffin motocin Amurka da ake kira masu ƙwanji, kuma duk sun yi mini kama da juna. Ta yaya ake bambance su?

Amsa: Malam, ba kowace tsohuwar motar Amurka ce mai ƙwanji ba. Ana nufin matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu wadda aka ɗauko injin babbar mota mai silinda takwas aka cusa mata, tana ja da tayoyin baya, sannan aka sa mata farashin da matashi mai albashi zai iya kaiwa. Galibi ana fara lissafi ne daga Pontiac GTO ta 1964. A lokacin kamfanin General Motors, mai mallakar Pontiac, ya hana sa injin da ya wuce lita 5.4 a matsakaitan motocinsa, sai John DeLorean, babban injiniyan Pontiac, da abokan aikinsa suka bi ta bayan dokar, suka ce injin lita 6.4 ƙari ne kawai da mai saye zai zaɓa idan yana so. A shekarar farko an sayar da sama da 32,000, sauran kamfanonin motoci na birnin Detroit kuwa suka biyo sahu.

Kunne yakan riga ido gane ta. Idan tana tsaye injin yana aiki, za ka ji gurnani mai kauri yana ɗan tsalle, har bakanike irinka ya yi zaton fulogi ɗaya ne ba ya kamawa, alhali a masu ƙarfin cikinsu haka aka tsara injin, domin sai an taka totur sosai yake daidaita numfashinsa. Daga nan sai ka dubi ƙira: dogon bonet, faffaɗan ƙugu a saman tayoyin baya, bututun salansa guda biyu, wani lokaci da kafar shan iska a kan bonet.

Gane shekara shi ne inda daɗin yake, kuma fitilu ne ke tona asiri. Ɗauki Dodge Charger ta 1968 zuwa 1970, wadda ke ɓoye fitilunta na gaba a bayan raga, ta yadda da rana gabanta baƙi ne ƙirin daga gefe zuwa gefe. Ta 1968 ragarta ba a raba ta ba, kuma fitilunta na baya zagayayyu ne, biyu a kowane gefe. Ta 1969 an tsaga ragar gida biyu, fitilun baya suka koma dogaye a kwance. Ta 1970 kuwa bamba mai ƙyalli ce ta zagaye gaban gaba ɗaya. A ganina ta 1968 ta fi su kyau, don ba a cika mata ado ba. Haka kuma daga 1968 dokar Amurka ta wajabta ƙananan fitilu ko madubai masu ƙyalli a gefen mota, saboda haka Chevrolet Camaro da ba ta da su, amma tana da ɗan gilashi mai kusurwa uku a ƙofa, ta 1967 ce. GTO mai fitilu ɗaya bisa ɗaya kuwa tsakanin 1965 da 1967 aka ƙera ta. Wadda ba ta buƙatar bincike ita ce mai tsinin hanci da dogon fiffike a baya, domin ko dai Charger Daytona ce ta 1969, ko Plymouth Superbird ta 1970, waɗanda aka yi don a cika sharaɗin shiga tseren motocin Amurka na NASCAR.

Tambaya: Daga Maraɗi nake. Idan har suna da farin jini haka, me ya sa aka daina ƙera su?

Amsa: Abubuwa ne suka taru musu a lokaci guda. A 1970 suka kai ƙololuwa, lokacin da Chevrolet Chevelle SS, wato samfurinta mai ƙarfi, mai injin lita 7.4 ta fito da ƙarfin doki 450, amma a shekarar ce Amurka ta tsaurara dokar tsabtace iska, aka fara rage matsin injuna domin su sha fetur marar dalma. Kamfanonin inshora suka tsawwala wa matasan da ke tuƙa su kuɗi, kuma da hujjarsu, domin da yawa birkinsu bai kai ƙarfinsu ba, sannan a kwana ba su da ladabi. Takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973 ya ƙarasa su, tunda mota mai zuƙar mai haka ta zama kaya. Injin Hemi na Dodge da Plymouth mai ƙarfin doki 425 ya tsaya tun 1971, asalin GTO kuma a 1974.

Tambaya: Wani ɗan'uwana a Amurka ya ce an yi masa tayin Chevelle mai tambarin SS da araha. Tambarin ya isa shaida?

Amsa: Bai isa ba ko kusa, domin tambari da fenti ana sayen su a kasuwa, kuma kuɗin da ke harkar ya sa jabu sun yi yawa, misali a 2014 an yi gwanjon Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi a kan dala miliyan 3.5 a birnin Siyatil na Amurka. Ya duba lambar shasi. Chevelle SS ta 1966 zuwa 1968 tana farawa da 138, kamar yadda GTO ta 1966 zuwa 1971 ke farawa da 242. Idan Chevelle ɗin ta 1969 zuwa 1971 ce, lambar ba za ta raba gardama ba, sai ya nemi takardar da aka haɗa motar da ita a masana'anta, wadda akan tsinta a ƙarƙashin kujera ko a saman tankin mai, sannan ya tabbatar lambar da aka buga a jikin injin ta dace da ta shasin kafin ya biya ko sisi.