Hukuncin Amfani da Ƙirƙirarriyar Basira a Aikin Lafiya

TAMBAYA: Allah Ya gafarta Malam, ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a Wamakko. Duk ƙarshen wata nakan raba dare ina haɗa lissafin rigakafi kafin a shigar da shi DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya. Wasu abokan aiki hoton rajista suke ɗauka su ba ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira, ya haɗa musu. Ya halatta?

AMSA: Bismillahir Rahmanir Rahim. Malama, asali a kan kayan aiki halacci ne sai in dalili ya hana, kuma ƙirƙirarriyar basira kayan aiki ce kamar ma'aunin zafi. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da manhajar da ke duba hoton ƙirji don tace masu tarin fuka daga shekara 15 zuwa sama. Amma wanda ta nuna, sai an gwada majinarsa da na'urar gano ƙwayar cutar irin GeneXpert kafin a ce yana da cutar. Inji ya tace, mutum ya tabbatar.

Ɗaukar hoton rajista yadda take kuwa bai halatta ba. Akwai sunan yaro, da na uwa, da unguwa, da lambar waya. Amana ce aka ba ki, ba kamfanin da ke ƙetare ba, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta tsananta a kan bayanan lafiya. Ki rufe waɗannan layuka, ki ba ChatGPT alƙaluma kawai.

Sai babbar matsalar. Wannan manhaja ba ta cika cewa "ban gane ba". In rubutun biro ya rikita ta, sai ta karanta 1 a matsayin 7, ko ta cike gurbi da abin da ya yi kama da gaskiya. Allurar Penta, rigakafin cututtuka biyar, sau uku ake yi wa jariri, a sati 6 da 10 da 14, don haka in adadin Penta 3 (ta uku) ya riƙa zarce na Penta 1 (ta farko) wata bayan wata, a koma a duba. Ki ƙirga shafi biyu ko uku da hannu ki gwada da jimillarta. Lissafin da ya kumbura yakan sa a ɗauka an gama da ƙauye alhali yara na nan ba allura, ga hadisi kuwa: "Babu cuta, babu cutarwa."

Wanda ya sa hannu a rahoto shi ke da alhaki. Ba a tuhumar waya ranar hisabi. Haka ƙididdige magani ga majinyaci: Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya yi likitanci ba a san shi da saninsa ba, shi zai lamunce ɓarnar, kuma manhaja ba ta ɗauke masa wannan.

Wallahu a'alam.