Hotona ya ƙi hawa shafin neman aiki, kuma saura kwana uku a rufe

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina cike fom ɗin neman aiki a intanet, sun ce hoton fasfo da takardu kada kowanne ya wuce kilobait 100. Wanda na ɗauka da wayata megabait 4 ne, kullum na ɗora sai jan rubutu ya fito cewa ya yi girma. Ƙawata ta nuna mini wani shafi na kyauta mai rage nauyin hoto, ta ce in zuba fasfon da takardar NIN da satifiket duka a ciki. Yaron kafe kuma ya ce in turo masa ta WhatsApp ya gyara mini. Hankalina a tashe yake, wanne zan bi?
Wata mai karatu daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, aikin bai kai na minti goma ba, kuma cikin biyun nan ba wanda za ki bi.

Kyamara mai megafiksel 12 tana fitar da hoto mai faɗin fiksel 4000 da tsayin 3000, fasfo kuwa bai buƙatar ko kusa da haka. Cacar bizar Amurka ma, duk da tsaurin ka'idarta, fiksel 600 a 600 ya ishe ta, muddin hoton a tsarin JPEG aka adana shi kuma bai haura kilobait 240 ba. Don haka ki fara yanke bangon, ki bar kai da kafaɗu. Sai ki mayar da faɗin 600, ki adana a JPEG da inganci kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. In ya ɗan haura kilobait ɗari, ki sauke faɗin zuwa 400. Satifiket ya fi son faɗi, kamar 1000 zuwa 1200, domin in rubutun ya dagule ba wanda zai tsaya karantawa. Ki yi aikin a kan kwafi, ki ajiye na asali, don hoton da aka rage ba ya komawa yadda yake. In kuma iPhone ce wayarki, wataƙila a wani tsari daban mai suna HEIC take adana hoto, kuma goge ƙarshen sunan fayil ɗin a rubuta jpg bai mayar da shi JPEG ba. Suna kawai aka canza.

Me ya sa ma'aikata za ta kafe a kan kilobait 100 a zamanin da wayar ɗan acaɓa ke ɗaukar megabait biyar, ta kuma ƙi sa abin da zai rage hoton da kansa? Wannan su za a tambaya. Amma matsin nan shi ke tura mutane inda nake tsoro.

Kusan kullum sai wani ya ce mini, "Ai hoto ne kawai." Malama, takardar NIN ba hoto ba ce kawai. Akwai lambarki mai alƙaluma 11, da cikakken sunanki, da adireshinki, da fuskarki. Ki haɗa da satifiket mai sunan makarantarki, da sa hannun da kika yi a farar takarda kika ɗauka, kin tara wa baƙo abin da zai yi shigar burtu da sunanki. Yawancin shafukan nan na kyauta ba a cikin wayarki suke aikin ba. Sai fayil ɗin ya tafi kwamfutarsu a wata ƙasa, a matse shi, a dawo miki da shi. Za su rubuta cewa suna gogewa bayan ɗan lokaci. Wataƙila wasu na cika alkawari, amma ke da me za ki tabbatar? Ba ki san mai shafin ba, ba ki san garinsu ba.

Na kafe ma ya fi ba ni haushi, domin da idona nake gani. Ki leƙa fuskar kwamfutar shagon: fayil a kan fayil, "fasfo Aisha", "NIN sabo", "satifiket Musa 2", na mutanen da suka gama nasu tun bara. Duk wanda ya biya kuɗin awa ɗaya ya zauna, da filashinsa a aljihu, zai iya kwashewa. Wanda kika tura ta WhatsApp kuma yana nan cikin wayar yaron, in ya sayar da ita ko aka sace, ya tafi da ita. Ban ce yaron ɓarawo ba ne, sakaci ne ya yi masa yawa. Ranar da masu ba da bashi ta waya suka fara kiran 'yan uwanki a kan kuɗin da ba ki ci ba, ko aka yi damfara da asusu mai sunanki, ba za ki tuna da kafen da kika shiga wata takwas baya ba. Gaskiya ne Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, har da hukumarta, amma hukuma ba za ta bi shago-shago tana goge miki folda ba.

A kwamfuta, manhajar Paint da ke zuwa da Windows tana rage hoto ba tare da intanet ba. A waya ki duba wajen gyaran hoto, wayoyi da dama suna da maɓallin rage girma. Shafin rage nauyin hoto mai suna Squoosh kuma, duk da ta burauza ake buɗe shi, a cikin na'urarki yake aikinsa. Gwajin mai sauƙi ne: ki kashe data, in abin ya ci gaba da aiki, to hotonki bai fita ko'ina ba.

In dole sai kafe, ki je da ƙafarki, ki tsaya a kansa har ya gama, ya goge a gabanki, ya kuma zubar da kwandon sharar kwamfutar, ki fita daga imel ɗinki kafin ki tashi. Ki ba fayil ɗin gajeren suna mara tazara, kamar fasfo.jpg, ki ɗora yau da dare ko gobe bayan asuba. Ranar ƙarshe shafukan nan cushewa suke yi.