Amsa: Me ya sa inshora ba ta biya ba da na wuce Shika kai tsaye?

Malam, kana tambaya me ya sa kana cikin NHIA, wato inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, amma da ka kai maiɗakinka asibitin koyarwa na Shika kai tsaye sai ka biya daga aljihunka. Dalili shi ne ka tsallake matakin farko. Asibitin da ka zaɓa ranar rajista shi za ka fara zuwa, don duk wata ana biyansu kuɗi a kan kowane mutum ko ya zo ko bai zo ba, in abin ya fi ƙarfinsu sai su rubuta maka takardar turawa, HMO ɗinka, wato kamfanin da ke kula da inshorarka, ta ba da lambar amincewa, sannan ka wuce. Magani kuma kashi 10 cikin 100 za ka biya, in yana cikin jerin magungunan NHIA.

Sai dai kar ka jira sai ciwo ya kwantar da ita. Matata na da hawan jini, duk wata muna zuwa ƙaramin asibitinmu nan Sabon Gari a auna ta a ba ta ƙwayoyinta, kuɗin ba ya kai na cefanen rana ɗaya, wallahi watan da muka yi sakaci kwana uku ta yi a gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu. In gaggawa ce kam ka kai ta asibiti mafi kusa, ka kira HMO ɗin nan take.