Ƙwaya ce ke jawo ciwon damuwa, ko damuwar ce ke kai mutum ga ƙwaya?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam a nan Legas. Ina son yin bincike kan matasanmu na Agege da Mile 12 masu shaye-shaye da ke fama da ciwon damuwa, in gano wanne ke jawo wanne. Ta ina zan fara?

Amsa: Ƙanwata, fara da rage buri. Takardar tambayoyin da aka raba sau ɗaya za ta nuna miki abubuwan biyu suna tafiya tare, amma ba za ta faɗi wanda ya riga zuwa ba. Wani damuwa ce ta hana shi barci ya nemi kodin, irin yi wa kai maganin da likita Edward Khantzian ya bayyana a 1985. Wani kuwa ɗan dako ne, lafiyarsa ƙalau, ya fara shan tiramol don ya jure ɗaukar buhunan albasa, damuwar ta zo daga baya. Wasu kuma wahalar yarinta ce ta haifar musu da duka biyun.

Abin da ƙarfinki zai kai shi ne bin lokaci. Tambayi mutum yaushe ya fara sha, yaushe baƙin cikin ya soma, ki jingina da abin da ba ya mantawa: shekarar da ya zo Legas, aurensa, rasuwar mahaifinsa. Sannan, ya taɓa dainawa? Littafin DSM-5, jagorar likitoci wajen gane cututtukan ƙwaƙwalwa, ya ce idan alamun suka ci gaba kusan wata guda bayan barin ƙwaya, to alama ce ciwon zaman kansa yake yi, ba ƙwayar ce ta kawo shi ba.

Ki ɗauki ASSIST, jerin tambayoyin Hukumar Lafiya ta Duniya kan shaye-shaye, da PHQ-9, jerin tambayoyi kan alamun ciwon damuwa, amma na tantancewa ne kawai, ba sa yanke cewa mutum na da ciwo. Tambaya ta 9 a PHQ-9 kan tunanin mutuwa ce ko cutar da kai. Kada ki yi ta sai kin shirya inda za ki tura mai cewa "e", ko asibitin masu taɓin hankali na Yaba ko asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba. Kwamitin ɗa'ar bincike ma zai tambaye ki wannan.

Kar ki rubuta suna, don da yawa za su ɗauka NDLEA ce ta turo ki. Kuma ki nemo mata. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 suna shan ƙwayoyi, ɗaya cikin huɗu mace ce. Matan ba a majalisa ake samunsu ba, sai kin shiga gidaje, kuma ke kina da wannan damar fiye da ɗalibi namiji.