Amsa ga ƙanena a Maradi kan zancen Porto Riko

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce wani dillali ya faɗa maka tsibirin Porto Riko ya kusa zama jihar Amurka, wai wanda ya riga shiga zai samu takardar ɗan ƙasa a ɓagas, shi ya sa yake neman miliyan biyu na sefa. Riƙe kuɗinka.

Ba a yin jiha a Amurka yadda Babangida ya yanke Katsina daga Kaduna a 1987 da sanarwa ɗaya. Kundin tsarin mulki, sashe na huɗu, ya ba Majalisar Dokokin Tarayya kaɗai wannan iko. Yadda aka saba, mutanen yanki su nema, Majalisa ta ba su izinin rubuta kundin jiha, su zaɓi wakilai su rubuta, jama'a su jefa ƙuri'a a kai, sannan majalisu biyu su amince, shugaban ƙasa ya sa hannu. A Majalisar Dattawa ake maƙalewa. Kowace jiha tana da sanatoci biyu, babba ko ƙarama, don haka kowace jam'iyya sai ta lissafa wa za a ƙara wa kujeru. Kuma kafin a rufe muhawara ana bukatar sanatoci 60 cikin 100.

Majalisa tana gindaya sharaɗi yadda ta ga dama. Yuta, wadda yanzu jiha ce a Amurka, ta yi ta nema shekaru da dama, ba a karɓe ta ba sai 1896, bayan ta rubuta haramcin auren mace fiye da ɗaya cikin kundinta. Da a Maradi aka kawo wannan sharaɗi, da an daɗe ana muhawara! Niyu Meksiko ta zauna yankin Amurka da ba jiha ba tun 1850, sai 1912 ta shiga. Na ƙarshe su ne Alaska da Hawayi, duka a 1959.

Porto Riko tana hannun Amurka tun 1898, mutanenta 'yan ƙasa ne tun 1917, amma ba sa zaɓen shugaban ƙasa daga tsibirin. A ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ta 2020 kusan kashi 52 cikin ɗari sun zaɓi zama jiha. Ƙuri'ar ba ta ɗaure Majalisa ba. A Disambar 2022 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin makomar tsibirin, Dattawa ko kallonsa ba su yi ba.

Ga abin da ya shafe ka kai tsaye: dokar shige da fice ɗaya ce a Porto Riko da Niyu Yok. Biza ɗaya, jami'ai ɗaya. Ko gobe ta zama jiha, baƙon da ba shi da takarda baƙo ne. In karatu kake so, yadda aka saba shi ne jami'a ta aiko maka fom ɗin I-20 mai nuna ta ɗauke ka, ka nuna kuɗin shekara guda, ka nemi bizar ɗalibai ta F-1. Ka kuma sani yawancin darussa a can da Sifaniyanci ake yi, Faransancinka na lakwal ba zai fisshe ka ba.

Ka ce wa dillalin ya nuna maka bizar mutum ɗaya da ya tura.